Fasfon Birtaniya a Hannu, Kuɗin Makaranta na Baƙo: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan magana ɗaya: iyalai masu takardar zama 'yan Birtaniya da aiki ya kai su wata ƙasa, yara sun isa shiga jami'a, sai takardar kuɗin makaranta ta zo da adadin da ba a zata ba.

Tambaya: Shekararmu tara a Dubai, maigidana injiniya ne. Dukkanmu muna da fasfon Birtaniya, babbar 'yarmu ma a Manchester aka haife ta. Wata jami'a a Ingila ta ba ta gurbi, amma ta sa ta a sahun ɗaliban ƙasashen waje. Wannan ba kuskure ba ne? — Wata uwa, Dubai

Amsa: Hajiya, mai yiwuwa ba kuskure ba ne, ko da yake akwai ƙofar neman gyara. Jami'o'in Ingila sahu biyu suke raba ɗalibai: 'yan gida da 'yan waje. Ɗan gida gwamnati ce ta ƙayyade iyakar abin da za a karɓa a hannunsa, fam 9,535 a shekarar karatu ta 2025/26, bayan ya daɗe a kan fam 9,250 tun 2017. Ɗan waje kuwa jami'a ce ke yanka masa yadda ta ga dama. A manyan jami'o'i ya kan haura fam 30,000 a shekara, karatun likitanci ya fi haka nesa ba kusa ba.

Fasfo sharaɗi ɗaya kawai ya cike mata, wato tana da 'yancin zama a ƙasar ba tare da wa'adi ba. Saura uku. Dole ta kasance mazauniyar Birtaniya a ranar farko ta shekarar karatun farko. Dole ta kasance mazauniyar Birtaniya, ko tsibiran Channel ko tsibirin Man, cikin shekaru uku cif da suka gabaci wannan rana. Sannan kada ya zama karatu ne babban dalilin zaman nata a kowane ɓangare na shekarun ukun. Ranar da ake nufi ba ranar fara lacca ba ce: duk kwas ɗin da zai fara tsakanin 1 ga Agusta da 31 ga Disamba, doka ta ɗauki 1 ga Satumba a matsayin ranarsa.

To ina ƙofar? A ma'anar kalmar "mazauni". Tun hukuncin da Majalisar Dattawan Birtaniya ta yanke a shari'ar Shah a ƙarshen 1982, lokacin ita ce kotun ƙoli, ake fassara ta da inda mutum ya saba zama bisa doka, da son ransa, da manufa tabbatacciya, ban da 'yan tafiye-tafiye na ɗan lokaci. An kuma yarda mutum zai iya zama mazaunin ƙasa biyu a lokaci guda. Bayan wannan, ƙa'idar ta ce idan aikin wucin gadi ne ya fitar da ɗalibi ko iyayensa, a lissafa shi kamar bai bar gida ba. Matsalarku ita ce doka ba ta faɗi shekara nawa ne "wucin gadi" ba. Shekara biyu ko uku da wuya a yi gardama. Tara kuwa, sai kun yi aiki sosai kafin ku gamsar da jami'in da ke duba fayil ɗin.

Tambaya: Ɗana ya nemi jami'a biyar ta UCAS, hukumar da ake neman gurbin jami'o'in Birtaniya ta hannunta. Biyu sun ce ɗan gida ne, ɗaya ta ce ɗan waje ne, biyu sun aiko da fom mai tambayoyi barkatai. Wa ke da gaskiya, kuma wace takarda za mu tura? — Wani uba, Doha

Amsa: Malam, babu ofishi guda da ke yanke wannan hukunci. Kowace jami'a da kanta take dubawa, dokar ɗaya ce amma idon da ke karanta ta daban, kuma hukuncin wata ba ya ɗaure wata. Shi ya sa wannan fom ɗin shi ne jarrabawar gaske. Kada a bar wa yaro ya cike shi a waya cikin minti goma.

Abin da jami'in yake nema hujja biyu ce. Ta farko, cewa zamanku a waje yana da ƙarshe: kwantiragin aiki mai wa'adi, da duk sabuntawar da aka yi masa, da wasiƙar ma'aikata idan ita ta tura ku daga Birtaniya, da bizar zama mai nuna cewa aikin ne ya riƙe ku, ranar da ya ƙare za ku tattara. A nan mazauna ƙasashen Larabawa na yankin Gulf suna da ɗan sauƙi, domin yawancinsu ba su da izinin zama na dindindin. Wanda ya karɓi irin wannan izini a Amurka ko Ostareliya, ko ya sayar da gidansa na Ingila ya sayi wani can, hujjarsa ta yi rauni.

Ta biyu, cewa igiyarku da Birtaniya ba ta tsinke ba: takardar mallakar gida ko ta haya, takardun harajin ƙaramar hukuma da na wuta da gas da sunanku, asusun banki mai motsi, rajistar likitan iyali, da jadawalin kowane zuwa gida da kwanan wata da tikitin jirgi. Gidan da aka zuba 'yan haya shekara da shekaru bai kai nauyin gidan da kuke sauka a ciki duk hutu ba. Kuma zuwan da ake ƙirgawa na yaron ne. Uba ya riƙa leƙawa Landan taron aiki shi kaɗai, wannan ba ya ƙara wa ɗansa komai.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne saɓani tsakanin takardu. A fom ɗin UCAS an rubuta Doha a matsayin mazauni na dindindin, a fom ɗin jami'a an rubuta Leeds. Ko a ce ana zuwa gida wata biyu duk shekara, tambarin fasfo ya nuna sati biyu. Da zarar an kama ɗaya, sauran ma sai a daina yarda da su. Haka kuma kada ku haɗa wannan da matsayinku na haraji: biyan haraji a Birtaniya, ko rashin biyansa, ba shi ne ma'auni ba.

Jami'ar da ta ce ɗan waje ne, a rubuta mata a nemi ta sake dubawa, cikin wa'adin da ta bayar, kuma kafin a yi rajista. A haɗa da sabuwar hujja, ba ƙorafi kaɗai ba. Ƙungiyar UKCISA, mai ba da shawara kan harkokin ɗaliban ƙasashen waje a Birtaniya, tana wallafa bayanin sharuɗɗan dalla-dalla, jami'o'in kansu da shi suke aiki, saboda haka ku ambaci sashen da kuke ganin ya shafe ku. Abu na ƙarshe: rancen karatu hukunci ne daban. Student Finance England, hukumar ba ɗalibai rance a Ingila, ce ke duba shi da kanta, kuma tana iya hanawa ko da jami'a ta ce ɗan gida ne.

Tambaya: Idan muka tura 'yarmu makarantar kwana a Ingila ta yi A-Level, karatun ƙarshen sakandare da ake shiga jami'a da shi, mu muna nan Singafo, hakan zai wadatar? — Wasu iyaye, Singafo

Amsa: Shi kaɗai, a'a, ta fuska biyu. A-Level shekara biyu ce, ana neman uku. Sannan zaman makarantar kwana shi ne ainihin zaman da aka ce ba a lissafawa, wanda karatu ne dalilinsa. Tambayar da za a yi ita ce: ba don makaranta ba, ina yarinyar za ta kasance? Idan amsar Singafo ce, kuma can take komawa duk hutu, to shekarun ba su shiga lissafi ba, sai dai in ku kanku kun tabbatar da cewa zamanku can na wucin gadi ne. Ajiye ta wurin kawu ko gwaggo ma irin tambayar za ta biyo baya.

Hanya mafi tsabta ita ce iyali su dawo, ko aƙalla ɗaya daga cikin iyayen ya dawo ya kafa gida da ita. Tun ran gini tun ran zane: mai son fara jami'a a kakar 2029, ya kasance ya sauka kafin 1 ga Satumba 2026, wato yana shirin shiga shekarar ƙarshe ta GCSE, karatun da ke gabanin A-Level. Jinkirin mako guda yana iya ɓata lissafin, sai an ɗaga shiga jami'ar da shekara.

Tambaya: Tun 2015 muke Jamus. Fitar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta shafe mu? — Wani uba, Hamburg

Amsa: Ta shafe ku, amma an ba ku rata. Ɗan Birtaniya da ke zaune a yankin tattalin arzikin Turai ko Suwizalan a ranar 31 ga Disamba 2020, kuma bai fita daga wannan yanki, Birtaniya ko Jibraltar ba har zuwa fara karatu, yana samun kuɗin 'yan gida da rance a Ingila, muddin kwas ɗin ya fara kafin 1 ga Janairu 2028. Ma'ana shigar kakar 2027 ce ta ƙarshe. Yaron da zai gama sakandare a 2027 ya yi tunani sosai kafin ya ɗauki hutun shekara, domin wannan hutun zai iya fitar da shi daga ratar.

Tambaya: Ba zai yiwu ɗana ya fara a matsayin ɗan waje ba, bayan shekara uku a mayar da shi ɗan gida? Kuma gaskiya ne karatu kyauta ne a Sukotlan? — Wata uwa, Riyad

Amsa: Na farko ba ya yiwuwa. Shekaru ukun na kafin fara kwas ne, kuma matsayin da aka shiga da shi yawanci da shi ake fita. A likitanci abin ya fi tsauri, don guraben 'yan waje ƙalilan ne kuma dabam ake ware su, saboda haka matsayin yana shafar samun gurbin kansa.

Sukotlan tana da dokarta. Ɗalibin da aka ɗauka mazauninta kuɗinsa fam 1,820 ne, hukumar SAAS, mai tallafa wa ɗaliban Sukotlan, ke biya masa. Amma sai ya cika shekaru uku a Birtaniya, kuma ya kasance mazaunin Sukotlan ɗin a ranar 1 ga Agusta, ba 1 ga Satumba ba. Wanda tushensa Ingila ne, ko an yarda ɗan gida ne, kusan kuɗin Ingila zai biya a Edinburgh ko Glasgow, ga shi digirin can yawanci shekara huɗu ne.

Ki kuma duba takardar yaron da kyau. Idan ba ɗan ƙasa ba ne, izinin zama na dindindin kawai yake da shi, wannan izini yana faɗuwa idan aka yi shekara biyu a jere a wajen Birtaniya, kuma da faɗuwarsa sharaɗin farko ma ya tafi.