Jirgina na sarewa a ƙarshen teburi, ko in sauya dogo ne?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Wata huɗu ke nan ina haɗa ƙaramin layin dogo na jirgin wasa, na ma'aunin HO (ɗaya daga cikin ma'aunan girman irin waɗannan jirage), a kan teburi mai tsawon mita 4. Na shimfiɗa dogo mai lanƙwasuwa na Code 100, ina tuƙi da DCC (tsarin da na'ura ke aika wa jirgi wuta da umarni ta cikin dogo), waya biyu ce ke kai wuta daga na'ura zuwa layin. Kan jirgin na gudu lafiya a kusa, amma da ya yi nisa sai ya sare, fitilarsa ta riƙa ƙyaftawa. Jiya na taɓa wani mahaɗi (ɗan ƙarfen da ke haɗa sandan dogo biyu) na ji ya yi zafi. Wani ya ce in koma Code 83, wani ya ce in goge dogon da samfefa in sayo na'urar da ta fi ƙarfi. Ina shirin zuba tsakuwa, amma hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Ɗan'uwa, gara da hankalin naka bai kwanta ba. Ajiye tsakuwar nan da gam ɗinta tukuna.

Dogonka ba shi da laifi. Lambar Code tsayin ƙarfen kawai take nunawa: Code 100 kashi ɗaya cikin goma na inci ne, Code 83 ya ɗan fi shi gajarta, ya fi kama da dogon gaske. Faɗin tsakaninsu ɗaya ne, milimita 16.5. In kana da tsofaffin taragu masu ƙafa mai zurfin baki, Code 100 ma ya fi maka.

Mahaɗin da ya yi zafi shi ne maganar. Kusan kullum sai na ci karo da mai ganin cewa tunda dogo ƙarfe ne, mahaɗi ma ƙarfe, waya biyu sun isa layi duka. Wannan kuskure ne mai iya jawo gobara. Aikin mahaɗi ya daidaita bakin dogo da ɗan'uwansa. Yakan wuce da wuta yana sabo, amma katako na shan danshi yana kumbura yana motsi, mahaɗin ya saki, datti ya shiga, gam ɗin tsakuwa kuma ya malala ciki ya bushe. Shi kansa dogon, haɗin tagulla da nikel da zinki ne, yana tauye wuta fiye da ninki goma na wayar tagulla mai kaurinsa.

Ga inda haɗarin yake. Na'urar DCC takan ba da kimanin bolt 15, da yawa daga cikinsu har amfiya 5, wato wat 75. An ƙera ta ta yanke wuta nan take in layukan biyu suka haɗu. To amma in tarago ya goce ya haɗa layukan a can ƙarshen teburi, wutar kuma sai ta ratsa sakakkun mahaɗai bakwai ko takwas kafin ta isa, abin da na'urar za ta ja ba zai kai mizanin yankewa ba. Sai ta ɗauka jirage ne ke aiki, ta ci gaba da turawa. Zafin ya taru a wuri guda, robar ƙarƙashin dogo ta narke, ƙafar tarago ta lanƙwashe, ga katako da kumfa a ƙasa. Wanda ya ce ka ƙaro na'ura mai ƙarfi a kan irin wannan wayarin, ana kukan targaɗe ne zai kawo maka karaya. Abin na ɓata mini rai, don masu wannan shawara ba su taɓa ɗora mitar auna wuta a kan layi ba, sun ji ne kawai suna maimaitawa.

Ka ja wayoyi biyu masu kauri, kamar murabba'in milimita 2.5, a ƙarƙashin teburi su bi layin duka. Daga su ka fito da sirara, gajeru, ka liƙa da dalma a gindin kowane sandan dogo. Kowane ɗaya, ko da guntu ne tsakanin mararraba biyu. Launi ɗaya ga dogon ciki, wani ga na waje, kada ka rikita su. Sannan ka kunna wuta, ka ɗora tsabar kuɗi ta ƙarfe a kan layukan biyu, wuri bayan wuri. Duk inda na'ura ba ta yanke nan take ba, wurin na buƙatar waya.

A kwana, ka liƙa mahaɗi da dalma tun dogon na miƙe, kafin ka lanƙwasa, in ba haka ba zai yi gwiwa. A miƙaƙƙen wuri kuwa ka bar 'yar tazara kamar kaurin kati, don dogon ya sami wurin motsi. Kada kwanarka ta matse ƙasa da inci 18, in an auna daga tsakiyar da'irar zuwa dogo. In da fili, 22 ta fi wa dogayen taragu.

Samfefa kuma kada ta kusanci dogonka, tana barin karce ne da datti zai maƙale ciki. Soson ƙarfe ya fi ta muni, maganaɗisun injin zai zuƙe burbushinsa. Tsumma marar gashi da ɗan sinadarin goge lantarki sun isa. Ka bar jirgin ya yi ta zagaye na mako biyu bayan wayarin, gaba da baya, da taragonka mafi tsawo. In bai sare ba bai goce ba, sai ka ɗauko tsakuwar.