Amsar kakanki a kan wasanku na asibiti

Amaryata,

Saƙonki ya iso ni nan Mai Wurno ta Sudan, ƙaninki ya karanta mini sau biyu saboda idon ya fara gardama. Kin ce ƙungiyarku ta wasan kwaikwayo a Madani za ta yi wasa don tara wa asibitin yara kuɗin magani, amma baffanki ya ce wannan roƙo ne da aka sa wa riga, kuma gidanmu ba a gaji roƙo ba. Kina tambaya ko gaskiyarsa, da kuma ko ya dace a yi liƙi a kira sunan masu bayarwa.

Baffan naki ɗana ne, na san shi tun yana tsoron akuya. Bai san tashe ba ne. Kakata, wadda aka goyo ta daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, ta sha ba mu labarin da ta ji wurin uwarta: azumi na kwana goma sai yara su fito da dare, wani ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wani ya rataya layu da saiwoyi ya zama Jatau mai magani, 'yan mata kuma su yi Mairama da Daudu. Gida gida suke bi, a ba su hatsi ko kwabo, 'ya'yan malamai da na sarakai duk a ciki, ba wanda ya kira su maroƙa. Maroƙi don cikinsa yake wasa ka. Ku kuwa aiki kuka haɗu ku yi wa wani, abin da muke ce wa gayya, maƙwabtanmu Larabawa su ce nafir. Bambancin kawai, ku da baki za ku yi noman, ba da fartanya ba.

Maganar liƙi ce nake so ki zauna ki saurara, don ta taɓa ƙona ni. Lokacin ina koyarwa muna da nadi, wato kulob, muna wasanni a filin makaranta, labulenmu zannuwan gado biyu da aka ɗinke, haskenmu fitilar ruwa mai famfo. Mun taɓa kallon wasa a babban gidan wasan Omdurman, wanda aka buɗe a 1959, muka dawo muna jin mu ma wasu ne. Wata shekara muka shirya wasa don yaran da ke kwance. Muka ɗauko mai baki muka ba shi lasifika, duk wanda ya ajiye kuɗi a faifai sai ya rangaɗa sunansa da na ubansa da adadin. Kuɗi sun taru, ba ƙarya. Amma ina kallon wani manomi a layin baya, ya kwance bakin rawaninsa, ya duba 'yan silallan da ya ƙulla, ya sake ƙullewa, ya sulale tun ba a gama ba. Ɗansa na cikin yaran da muke tara wa kuɗin. Ni na kawo shawarar lasifikar nan, kuma har ya rasu ban iya haɗa ido da shi sosai ba.

Liƙi na biki ne, inda kowa ya san za a rama masa ran nasa. Nan ba mai ramawa. Ku yi irin kashif ɗin da ake yi a zaman makoki: littafi ɗaya a gefe, mutum biyu a kansa, ɗaya na karɓa ɗaya na rubutawa, wanda ya ce a rubuta "bawan Allah" a rubuta haka. Masu turowa ta manhajar banki ta Bankak daga Jidda da Makka su ma a shigar da su. Bayan mako a tara jama'a a karanta jimla da rasitan kantin magani, in ba haka ba ƙungiyar ba za ta kai baɗi ba. Kada kuma ku hau da yaro mara lafiya kan dandamali ko ku rataya hotonsa, uwarsa na cikin 'yan kallo.

Ki ba baffanki labarin samarin Shari' al-Hawadis, 'yan sa-kai na Khartoum. A da, a bakin asibitin yara na Ja'afar Ibn Auf suke zama, su sa buƙatar magani a Facebook, jama'a su kawo. A 2015 suka kammala ɗakin kulawa ta musamman a asibitin yara na Muhammad al-Amin Hamid da ke Omdurman, ranar buɗewa kuma ba minista suka kira ba, mai shayin da suke zama wurinta suka miƙa wa almakashi. Surutu kam an yi shi.

Garin da yaƙi ya ratsa, mutane na bukatar dariya, sai dai ku bar zancen ƙabila da na soja a waje, raunin ɗanye ne. Ki shiga wasan da mayafinki, a tashi kafin isha'i ta yi nisa. In kuna neman kayan tsoho, tsohuwar rigata tana cikin akwatin kakarki, kishiyar taki, sai ki lallashe ta. Audugar gemu kuwa, ai kuna tsakiyar Jazira, ƙasar noman auduga.

Ki gaida uwarki.