Turaren da ake cewa yana jawo mace: amsa ga yaron shago

Ka tambaye ni kan saurayin da ya shigo jiya yana neman turare mai "feromon", wanda ya gani a Facebook ana cewa duk macen da ta shaƙa sai ta bi mai shi. Kana son sanin ko akwai abin, kuma ko mu ma za mu iya haɗawa. Ajiye sirinjin nan ka saurara, ɗana, don tambayar ta taɓa tushen sana'armu.

Feromon gaskiya ne, amma a jikin ƙwari da dabbobi aka tabbatar da shi. Sinadari ne da wata halitta ke fitarwa, 'yar'uwarta ta shaƙa, jikinta ya amsa ba shawara. A 1959 wani masani Bajamushe, Adolf Butenandt, ya ware na farko daga malam-buɗe-littafin tsutsar siliki, bayan ya tara matansu kusan 500,000. Namijin na jin sa sai ya hau kaɗa fuka-fuki yana neman tamata. Akwai kuma androstenon a yawun namijin alade, wanda in tamata na lokacin barbara ta shaƙa sai ta tsaya cak. Shi da danginsa, waɗanda aka haɗa a masana'anta, su ake yawan ɗigawa a kwalaben da ake tallatawa. A wurin ɗan Adam kuwa har yau masana ba su kama sinadari ko ɗaya da ke yin irin wannan aiki ba. Androstenon ɗin ma wani yana jin sa kamar tsohon fitsari, wani ya ji ɗan daɗi, wani bai ji komai. Ta yaya za ka ɗauki alkawari a kan abin da hanci uku ke ji iri uku?

Abin da yake tabbas shi ne kowane mutum da ƙanshin jikinsa, kuma hanci na kula da shi. A hammata da matse-matsi akwai wasu ƙananan jakunkunan gumi da ba sa farkawa sai an balaga. Guminsu mai maiƙo ne, kuma ba ya wari sa'ad da ya fito. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a fata su ke cin sa su fitar da tsami. A 1995, a birnin Bern na Suwizalan, Claus Wedekind ya sa maza 44 suka kwana biyu da riga ɗaya ba turare, aka ba mata 49 su sansana. Galibi sun fi son rigar namijin da ƙwayoyin gadonsa na garkuwar jiki suka bambanta da nasu. An sake irin gwajin a wasu wurare, wani ya zo daidai, wani bai zo ba. Ka lura dai: ba namiji ɗaya ne ya burge kowa ba. Ƙanshin da ya yi wa wannan daɗi ya gundure waccan.

To a nan aikinmu yake. Turare ba ya zama shi kaɗai, gauraya yake da fatar mai shi, shi ya sa humra ɗaya ke tashi daban a jikin ya da ƙanwa. Kada ka taɓa yanke wa mai saye hukunci daga bakin kwalba ko takarda. Ɗiga masa ɗigo ɗaya a wuyan hannu, kada ya murza, ka ce ya zaga cikin kasuwar Sabon Gari ya dawo bayan rabin awa. Ƙanshin sama, irin na lemo, ya tashi ke nan, saura sandal da miski da abin da fatarsa ta yi da su. Wannan shi zai kai gida. Kada ka wuce kala uku a zama ɗaya, hanci na gajiya.

Sannan ka yi masa tambaya cikin ladabi. Mai shan hulba kullum, ƙanshinta na fita ta guminsa, haka mai yawan cin tafarnuwa. Yadin roba na riƙe tsami fiye da auduga, ko an wanke. In aka zuba turare mai zaƙi a kan tsohon gumi, abin da ke fitowa ya fi gumin kansa muni, kuma kai za a zarga. Wanka da sabulu, aske hammata, a goga alif a bari ya bushe, sannan turare. Da hunturu fata na bushewa ta kasa riƙe ƙanshi, sai a fara shafa mai marar ƙanshi. A zafin Maris da Afrilu na Zariya kuwa ƙanshi na tashi da ƙarfi, a rage yawan abin da ake shafawa.

In yana son abin da ke kama da ɗumin fata, wanda sai an matso ake ji, muna da shi tun kaka da kakanni: miski da jibdar tunkun juda, ko da yake yawancin na kasuwa yanzu haɗin masana'anta ne. A kwalbar tola ɗaya, mililita (mil) 12, zuba mil 2 na sandal, mil 1 na farin miski, ka cika da man sirki marar ƙanshi. Jibda kuwa sai ka fara sirka kashi ɗaya cikin goma, sannan ka sa ɗigo ɗaya tak daga sirkin. In ka zarce, warin kashi zai fito, domin haka asalin warinta yake, kuma gyaransa sai ka ninka sauran kayan duka. Rufe kwalbar da kyau, ajiye ta a duhu nesa da zafi mako biyu kafin ka gwada.

In saurayin ya dawo, gaya masa ba mu sayar da abin da ke juya zuciyar mace, amma za mu nemo wanda ya dace da fatarsa. Cika masa rubu'in tola, mil 3, ya shafa kwana uku, ya tambayi na kusa da shi abin da suka ji, sannan ya zo mu gyara haɗin.