Zan Iya Goge Dosiyoyin Tsohon Office?

Tambaya: Malam, na sa Office 2021, amma dosiyoyin Office14 da Office15 suna nan cikin Program Files. In goge su?
Mai shagon buga takardu, Tawa

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi garaje. Office14 na 2010 ne, Office15 na 2013. Fara cire tsofaffin Office ɗin ta Panneau de configuration (wurin cire manhajoji a Windows), ka kashe kwamfuta ka kunna. Dosiyen da ya saura, sauya masa suna, ka yi mako guda kana aiki. In Word da Excel na buɗewa lafiya, goge shi.

Office16 kuwa kada ka taɓa, nan sabon yake zaune. In kana amfani da Outlook, kwafi fayilolin .pst a kan USB tukuna, don tsofaffin wasiƙunka suna ciki.