Tambayi Kawu: An shafa wa katangarmu jan fenti, me ya rage mana?

Wannan watan saƙonnin da suka shigo kusan duk na fili ne da gona a Kamaru, kamar an haɗa baki. Na zaɓi uku, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Slm Kawu, ya aiki ya iyali. Dan Allah a taimaka min da amsa wlh hankalinmu a tashe yake. Ni ɗan wani ƙauye ne a bakin babbar hanyar Garwa zuwa Marwa, sati biyu da suka wuce wasu mutane suka zo da mota da abin awon nan mai ƙafa uku suka yi ta gwaje-gwaje, kafin mu farga sun shafa jan fenti a katangarmu da shagon babana har da mangwaro guda biyu da ke ƙofar gida wai za a faɗaɗa hanya. Gidan nan kakanmu ne ya gina shi tun farkon mulkin Ahijo, ba mu da titir, wato takardar mallakar fili ta hukuma, abin da ke hannunmu wata tsohuwar takarda ce daga fadar lamiɗo, sarkin yankinmu, da hatimi a jiki. Wasu na cewa ko dala ba za a ba mu ba tunda ba titir, wasu kuma na cewa mu yi maza mu ƙara ɗakuna biyu mu dasa itatuwa don kuɗin ya yi kauri. Wanne ne gsky? Ɗanka daga jihar Arewa.

Wa alaikumus salam ɗana. Duka biyun ba su faɗa maka daidai ba, amma na biyun sun fi haɗari, kar ka sayi ko buhun siminti ɗaya kan maganarsu.

Bari mu faro daga inda abin ya samo asali. Ran 6 ga Yuli 1974 gwamnatin Kamaru ta fitar da dokokin ƙasa, ta farkonsu ita ce mai lamba 74-1, kuma har yau a kanta ake tafiya. Wannan doka ta ce mai fili a idon hukuma shi ne wanda ke riƙe da titir fonsiye, shi ke nan. Duk ƙasar da ba ta da titir kuma ba ta cikin kadarar gwamnati, ko gidan gado ce ko gonar dawar rani ta masakwa ko makiyaya, an zuba ta a kwando ɗaya ana ce mata domen nasiyonal, wato ƙasar al'umma wadda gwamnati ke kula da ita. Ba a kore ku ba, doka ta bar ku ku ci gaba da zama da noma, amma mallaka irin wadda kotu ta sani ba ku da ita. Na san maganar nan ba daɗi, dattijo ya haifi 'ya'ya goma a gida ya aurar da su a ce masa ai zaman amfani yake yi, amma haka take a rubuce. Takardar lamiɗo kuwa ka adana ta da kyau kar gara ta ci, ba titir ba ce amma shaida ce babba cewa kuna wurin tun kafin 5 ga Agusta 1974, kuma wannan ranar ita ce iyakar da doka ta ja, zan dawo kanta.

To in gwamnati na son wuri don aikin jama'a, hanya ko asibiti ko turakun lantarki, tana da ikon karɓa ko kana so ko ba ka so, tsarin mulkin 1996 ma ya yarda da haka da sharaɗin a biya diyya yadda doka ta tsara. Dokar da ta tsara ita ce ta 4 ga Yuli 1985 mai lamba 85-09, da dikire, wato umarnin gwamnati, na Disamba 1987 da ya fayyace yadda za a yi aiki da ita. Ministan da ke kula da filaye a Yawunde shi ke sa hannu a takardar da ta ce wannan aiki na amfanin jama'a ne. Daga ranar da takardar nan ta fito an daskarar da wurin, ba saye ba sayarwa, ba sabon gini, ba a ba da izinin gini. Ka ga inda masu ce maka ka ƙara ɗaki za su kai ka su baro, ka ci bashi ka yi gini a rushe shi ba ko sisi. Na taɓa ganin inda mutane suka kwana dasa 'ya'yan mangwaro da gwaiba, gari ya waye gona ta cika da tsirrai ƙasarsu ma ba ta bushe ba, ma'aikacin gona ya sa yatsa biyu ya zare ɗaya kowa ya kama kallon ƙasa.

Abin da za ka zuba wa ido shi ne ranar da komisiyo zai sauka. Kwamiti ne na gani da ido da ƙiyasta kuɗi, a matakin departama, wato gunduma, perefe mai mulkin gundumar ke shugabantarsa, akwai mutanen kadastir masu awon filaye da na gona da na gine-gine da meri, wato magajin gari, da sarakunan gargajiya a ciki. Doka ta ce a sanar da jama'a aƙalla kwana 30 kafin ranar, ta hannun sarakuna da kuma takardun da ake mannawa a ofisoshi, shi ya sa daga yau ka riƙa leƙa allon ofishin superefe, na ƙasa da perefe, da na meri, ka kuma roƙi jauronku, wato mai unguwarku, duk abin da ya iso ya aiko maka. Ranar nan ɗana ko kasuwar Pitowa ce ke ci ka bar ta. Ku tsaya ku da babanku da katin shaida a hannu, a ƙirga komai a gabanku, ɗaki nawa, na siminti ne ko na ƙasa, kwano ko bunu, katanga mita nawa, rijiya, masai, rumbu, darbejiya, mangwaro, har kabari in akwai. Kafin ka sa hannu a takardar ka karanta, in faransancin ya fi ƙarfinka ka zo da ɗan makarantar da ka yarda da shi, a duba an rubuta sunan baba daidai yadda yake a kati, don harafi ɗaya ya sha riƙe wa mutane kuɗi shekara da shekaru. Ka ɗauki hoton komai da waya tun yau ma, kar ka jira.

Me za a biya? Ga wanda ba shi da titir, a doka ba a biyan kuɗin ƙasar kanta, ana biyan wahalar da ka zuba a kanta ne, gini da shuka da itace. Itatuwa suna da farashi a rubuce a dikiren firaminista na 25 ga Fabrairu 2003, babban mangwaro sefa 35,000 ƙarami sefa 5,000. Ni dai a ganina farashin nan ya tsufa, mangwaron da ke ba ka kwanduna kowace bazara shekara ashirin a ce kuɗinsa ke nan, amma shi ne ma'aunin. Sai dai ka bincika wa ke zuba kuɗin aikin, in da hannun Bankin Duniya a ciki suna da nasu sharuɗɗan da suka fi sassauci ga marasa takarda, kuma sukan buɗe wurin kai koke.

Shagon baba shi ne ya fi ba ni tsoro. Doka ta biyu cikin na 1974 ɗin nan, mai lamba 74-2, ta ware wa babbar hanyar ƙasa mita 40 kowane gefe daga tsakiyar kwalta, a cikin gari ne ake rage shi, kuma wannan sararin na jama'a ne ba mai iya mallakarsa. Dokar 1985 ɗin ma ta ce ba diyya ga ginin da aka yi shi ba bisa ƙa'ida ba ko wanda ya tsufa yana shirin faɗuwa. In shagon sabo ne kuma yana cikin mitocin nan za a iya ce muku ba komai, in kuwa ya girmi dokar to nan tsohuwar takardarku da bakin dattawan unguwa za su yi aiki, a faɗa a gaban komisiyo a rubuta.

Bayan dikiren karɓe wurin ya fito ana ba da wata 6 a tashi, in aikin na gaggawa ne wata 3. A ƙa'ida biya ke riga rusau, a aikace kuwa sau da yawa katafila kan riga kuɗin isowa, shi ya sa nake ta nanata maka takarda da hoto.

Sauran gidan da fenti bai taɓa ba, ku nema masa titir. Tunda kuna ciki kafin 5 ga Agusta 1974 kuna da damar nema kai tsaye, magada su haɗu su daidaita maganar gado tukuna, a kai takardun nema ofishin superefe a karɓi rasit, kwamiti ya sauko da jauro da dattawa biyu, ma'aunin fili na kadastir ya kafa duwatsun iyaka, a buga sanarwa a jira kwana 30 ko akwai mai ja. Tun gyaran da aka yi ran 16 ga Disamba 2005 a departama ake fitar da titir ba sai an bi shi Yawunde ba.

Kawu barka da war haka. Ni bazawara ce a Marwa da marayu huɗu, da kuɗin adashe da na ƙosai na tara na sayi fili a bayan gari shekara uku ke nan, mai filin ya rubuta min takarda jauro ya buga hatimi shaidu biyu suka sa hannu. Na je kai bulo sai na tarar wani ya zagaye wurin da katanga shi ma da irin takardata sak, mutum ɗaya ya sayar mana. Ina zan kai kuka?

Allah sarki 'yata, Allah ya raya marayun nan. Gaskiya ɗaya ce ko da ɗaci, ke da mai katangar duk jirgi ɗaya ya ɗauko ku. Sashe na 8 na dokar 74-1 ya ce cinikin fili sai a gaban notar, wato ma'aikacin shari'a mai tabbatar da takardun ciniki, kuma filin da ba a yi masa titir da sunan mai sayarwa ba cinikinsa ɓatacce ne. Takardar nan da ake ce wa sallama haƙƙin gargajiya wadda rabin unguwannin bayan gari ke zaune a kanta, a kotu ba ta mai da ke mai fili, abin da take nunawa shi ne kin ba wane kuɗi kaza ran kaza. To wannan ɗin ma ba ƙaramin abu ba ne, don sashen nan dai ya tanadi hukunci ga mai sayar da fili ɗaya ga mutum fiye da ɗaya, tarar sefa 25,000 zuwa 100,000 ko ɗaurin kwana 15 zuwa shekara 3 ko duka biyun. Saboda haka wuyan da za ki kama na mai sayarwar ne ba na mai katanga ba.

Ki fara da jauron da ya buga hatimi, ki tafi da wani babba namiji daga danginki ko limamin unguwa, in abin ya ƙi a hau wurin lawan da ke sama da jauro. Sau da yawa da mai sayarwa ya ji ana maganar kai ƙara wurin mai gabatar da ƙara sai ka ga kuɗi sun fito ko an nuna wani filin. In wani filin aka ba ki kar ki sake komawa gidan jiya, ki nemi a ba ki shi ta hanyar hukuma, abin da ake kira konsesiyo na wucin gadi wanda ba ya wuce shekara 5, ki gina abin da kika ce za ki gina, kwamiti ya zo ya gani sannan a tabbatar miki har ki kai ga titir. Kuma kar ki yarda yaran unguwa su zuga ki a je a ture katangar, laifi zai dawo kanki ki rasa fili ki rasa kwanciyar hankali. Asalin takardarki kar ki ba kowa ko da wa ya nema, fotokofi za ki riƙa bayarwa.

Kawu ni ina da titir na gonata kusa da Ngaundere, na ji ana raɗe-raɗin za a ja layin lantarki ta wajen. Ai mai titir ba a taɓa shi ko? Alhaji, mai karanta ku kullum.

Ranka ya daɗe Alhaji ana taɓa shi mana. Titir yana kare ka daga maƙwabci da ɗan'uwa mai handama da jauron da ya canza ra'ayi, amma ba ya tare aikin jama'a, bututun man da ya taso daga Doba ta Chadi ya faɗa teku a Kiribi, wajen kilomita 1,070, ai bai yi ta kewaye gonakin masu takarda ba. Bambancinka da ɗan da ya yi tambayar farko shi ne kai za a biya ka ƙasar kanta bayan abin da ke kanta, ko da kuɗi ko a musanya maka da wani fili. In kuɗin da aka yanka bai yi maka ba ka rubuta koke zuwa hukumar filaye, in amsarsu ba ta gamsar da kai ba wata ɗaya tak gare ka daga ranar da aka miƙa maka ita ka shigar da ƙara a kotun yankin da gonar take. Ranar da takardar ta iso hannunka ka rubuta kwanan watan a bayanta, washegari ka kai wa lauya.