Tambaya da Amsa: Tsohon Jirgin Ruwa da Kayansa na Asali

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi tsohon jirgin yawo mai filafili, ƙirar shekarun 1970, jikinsa na faiba. Bawul-bawul ɗin da ke rufe ramukan shiga da fitar ruwa a jikin jirgin, ƙarƙashin ruwa, na asali ne, sun yi kore, biyu ma sun ƙi motsi. Abokai sun ce in cire su duka in sa sababbi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yi gaggawa, koren nan ba ciwo ba ne, haka tagulla take yi a ruwan gishiri. Ka goge wuri ɗaya da sanfefa har ainihin ƙarfen ya fito. In ka ga launin zinariya mai duhu, lafiya lau. In ka ga ruwan hoda, to tutiyar da ke cikin haɗin tagullar ta zube, ƙarfen ya zama ɓawo, bugu ɗaya zai karya shi. Wannan sai a cire.

Sannan ka duba irin bawul ɗin. Mai kan da ake ta murɗawa, irin na famfon gida, ba shi da gurbi a jirgi ko da sabo ne: sandarsa kan karye a ciki, kan yana juyawa, kai kana zaton ka rufe, alhali ƙofa a buɗe take. Amma mai hannu da ke juyawa kwata ɗaya, mai toshi mai tsini a ciki, wannan kaya ne na gaske, sau da yawa ya fi abin da za a sayar maka yau. Bayan an fitar da jirgin tudu, ka sassauta notin da ke ƙaramin gefen toshin, ka bar shi a bakin zaren don kada zaren ya lalace, ka buga a hankali da gudumar katako har toshin ya saki. Ka wanke da kananzir, ka shafa man goge bawul irin na makanikai, ka yi ta juya toshin a gurbinsa har fuskokin biyu su daidaita. Ka wanke tas, ka sa giris mai jure ruwa, ka ɗaure notin daidai yadda hannun zai motsa da ɗan ƙarfi.

In dole ne ka sauya, ga inda mutane ke faɗawa: bututun da ya huda jikin jirgi zarensa miƙaƙƙe ne, na bawul ɗin kanti kuwa mai tsini ne, don haka zare biyu ko uku kaɗai ke kamawa. Ka nemi bawul mai faffaɗan gindi da ake ɗaurewa a jikin jirgi. Kowane tiyo a sa masa kilif biyu na sitenlas, a kuma ɗaure toshin katako kusa da shi, don toshe ramin in wani abu ya ɓalle.

Tambaya: Ruwa na ɗiga ta ƙarƙashin sandunan shingen da ke gefen jirgin, daben sama ya fara laushi a wurin. Na sa silikon sau biyu, bai tsaya ba.

Amsa: Ba zai tsaya ba, kuma ya bar maiƙon da zai hana wani gam kamawa, sai ka kankare shi sosai. Daben yawancin jiragen wancan zamanin, faiba ne sama da ƙasa, da katakon balsa a tsakiya. Ruwa ya bi ramin noti ya jiƙa balsar, ta ruɓe. Ka ƙwanƙwasa kewayen da ƙotar sukundireba. Inda sautin ya mutu, can ɓarnar ta kai. In ba ta yi nisa ba, ka cire sandar. Ramin milimita 6 ka faɗaɗa shi zuwa 12 a fatar sama kaɗai, ka lanƙwasa ƙusa ka sa a injin huda ka ƙwaƙule balsar kewaye. Ka bar shi ya bushe sarai, domin ifoksi, gam ɗin da za ka cike ramin da shi, ba ya kama wuri mai danshi. Ka liƙe ramin ƙasa da tef, ka fara jiƙa ciki da ifoksi mai ruwa-ruwa, sannan ka cika da mai kauri. Ifoksin West System 105 da ruwan daskarar da shi, 205, kashi 5 da 1 ake haɗa su, kuma kaɗan-kaɗan, don mai yawa zafi yake ɗauka. Bayan ya daskare ka sake huda milimita 6, ka ɗan fafe bakin ramin, ka naɗa tef ɗin butil a wuyan ƙusar da ke ɗaure sandar. Daga ƙasa ake juya noti, wani ya riƙe kan ƙusar a sama. Ka sa faranti mai kauri a ƙasa maimakon ƙananan wosha. Ka guji gam ɗin 3M 5200 a nan: ranar cirewa da fatar dabe zai taho.

Tambaya: Ina so in cire bangon katakon da ya raba falo da ɗakin gaba, wuri ya buɗe.

Amsa: Ba mu ba ka shawara ba. A jiragen da sandar filafilinsu ke tsaye a kan dabe, irin su Alberg 30, ta wajen bangon nan nauyinta ke sauka, kuma galibi a jikinsa aka ɗaure ƙarafan da ke riƙe wayoyin sandar. In dai za ka taɓa wurin, ka zare ƙarafan ka duba daidai inda suka ratsa dabe. Sitenlas na tsagewa a wurin da danshi ya maƙale babu iska, daga waje kuwa yana ƙyalli. Mai tsaga a sauya shi da sitenlas samfurin 316. Ka soka tsinke a katakon kewayen notin, in ya shige da sauƙi katakon ya ruɓe. In duhu ne damuwarka, farin fenti da fitilun LED sun wadatar. Ka tuna kuma, in igiyar ruwa ta ɗaga, falo mai faɗi faɗuwa mai nisa ce.

Tambaya: Wincina, na'urar jan igiyar filafili, ƙirar Barient ne, kamfanin ya daina aiki. In sauya?

Amsa: A'a. Ka warware shi, ka wanke, ka sa giris kaɗan a haƙoran giya, harsunan da ke hana shi komawa baya kuwa mai marar kauri kaɗai, domin giris kan maƙale su. Ka sauya sifirin ɗinsu, har yanzu ana samu.