Kuɗin hunturu da katin bas na tsofaffi a Ingila: me Baba zai samu, me zai rasa in ya koma gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina yana da shekara 69, ya haura shekara talatin yana zaune a Birmingham, yanzu ya yi ritaya yana karɓar fanshon gwamnati. A hunturun 2023 an turo masa fam 500 na ɗumama gida, a 2024 ko sisi bai gani ba. Yanzu kuma mun ji wai an dawo da kuɗin, shin gaskiya ne? Sai Mama, shekararta 62, ta nemi katin hawa bas kyauta aka hana ta, alhali ƙawarta da ke Glasgow, wadda ba ta kai ta shekaru ba, tana da shi. Sannan Baba yana son ya riƙa gudun sanyi zuwa Kano daga Nuwamba zuwa Maris, har yana maganar komawa gaba ɗaya. Me zai faru da haƙƙoƙinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa Baba da Mama lafiya.

Abin da kuka ji gaskiya ne, an dawo da kuɗin. Tallafin da takardun gwamnati ke kira Winter Fuel Payment ya faro ne a 1997, lokacin Gordon Brown yana ministan kuɗi, kuma shekaru da dama duk wanda ya kai shekarun fansho yana samu, mai kuɗi da talaka. Ainihin adadinsa fam 200 ne ga gida, ko fam 300 in akwai wanda ya kai shekara 80. Fam 500 ɗin da Baba ya gani a 2023 akwai ƙarin fam 300 na tsadar rayuwa a ciki, wanda aka bayar hunturu biyu kawai, 2022 da 2023. Ki gaya masa tun yanzu kada ya sa rai da shi, don na ga dattawa da yawa suna riƙe da wasiƙa suna cewa an ci musu kuɗi.

A Yulin 2024 ministar kuɗi Rachel Reeves ta taƙaita tallafin ga masu karɓar Pension Credit, wato cikon kuɗin da ake ba 'yan fansho masu ƙaramin ƙarfi, da makamantansa, kusan mutum miliyan goma suka fita, Baba yana cikinsu. Gwamnatin Labour ta sha suka, ta kuma sha kaye a zaɓen ƙananan hukumomi na Mayun 2025, sai a watan Yuni ta lashe amanta. Daga hunturun 2025 ana biyan kowa a Ingila da Wales, amma wanda abin da yake samu a shekara ya haura fam 35,000, hukumar haraji ta HMRC za ta karɓe nasa ta hanyar haraji. Kuɗin shigar mutum shi kaɗai ake dubawa, ba a haɗa na miji da mata. In Baba fanshon gwamnati ne da ɗan na wurin aiki ke shigo masa, da wuya ya kusanci wannan iyaka. Tunda Mama ba ta kai shekarun ba, fam 200 ɗin duka da sunansa zai zo. Wasiƙa kan iso a Oktoba ko Nuwamba, kuɗin kuma ya faɗa asusun da ake biyan fanshonsa a Nuwamba ko Disamba, ba sai ya cike komai ba. Duk saƙon waya da ya ce a latsa nan a saka lambar banki don karɓar kuɗin hunturu, na 'yan damfara ne, ma'aikatar ayyuka da fansho, wato DWP, ba ta neman bayanan banki ta tes. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ni a ganina fam 200 bai taka kara ya karya ba a gidan da tukunyar ɗumama ruwa ke aiki wata biyar a jere. Na sha shiga gidajen dattawanmu a Janairu in tarar da mutum zaune a falo da babbar riga a kan jaket, hular sanyi a ƙarƙashin zanna, hita a kashe, wai yana tattalin gas. Sanyin can ba irin hunturunmu na gida ba ne da ake kunna gawayi da asuba, rana ta fito a manta. Yana shiga ƙirji, yana tayar da hawan jini. Saboda haka ku duba ko gidan ya cancanci ragin fam 150 na kuɗin lantarki, wato Warm Home Discount.

A nan ne kuma shekarun Mama suka shigo da wata matsala da mutane ba su cika sani ba. Kowa zai ce muku ku nemi Pension Credit, don shi ne mabuɗin tallafi da yawa. Amma tun 15 ga Mayun 2019, ma'auratan da ɗayansu bai kai shekarun fansho ba, ba a karɓar sabuwar buƙatarsu ta Pension Credit. Universal Credit ake tura su, wato tallafin masu ƙaramin ƙarfi na 'yan shekarun aiki, shi kuwa yana lissafa fanshon Baba fam da fam yana cirewa, sau da yawa a tashi ba komai. Ku je ofishin ƙungiyoyin ba da shawara na Citizens Advice ko Age UK a yi muku lissafin, kyauta ne, kafin ku ɓata lokaci kan fom.

Batun kati kuwa, ba a zalunci Mama ba, dokar ce ta bambanta daga yanki zuwa yanki. A Sikotland da Wales da Arewacin Ireland shekara 60 ake bayarwa, shi ya sa ƙawarta ta Glasgow ke hawa kyauta. A Ingila an ɗaure katin da shekarun fanshon gwamnati, wato 66, wanda ke hawa zuwa 67 tsakanin 2026 da 2028. Mama tana cikin waɗanda sai sun cika 67. Landan da yankin Liverpool suna ba mazaunansu 'yan shekara 60 kati na cikin gida daga aljihunsu, Birmingham ba ta cikin wannan sahu. Hanya ɗaya da ta rage mata kafin lokacin ita ce katin masu lalura, in tana da nakasar da doka ta lissafa, kamar rashin gani ko wahalar tafiya mai tsanani.

Shi Baba in bai karɓi nasa ba, ya nema gobe. Hoto, shaidar shekaru da shaidar adireshi kawai ake buƙata. Tun Afrilun 2008 katin yana aiki a duk bas ɗin cikin gari a faɗin Ingila, daga 9:30 na safe zuwa 11 na dare a ranakun aiki, Asabar da Lahadi da ranakun hutu kuma duk yini. A yankin West Midlands, inda Birmingham take, an haɗa har da taragon cikin gari da jiragen ƙasa na yankin. Ba ya aiki a manyan motocin tafiya mai nisa irin National Express, ba ya kuma aiki a cikin Sikotland ko Wales. Ƙarfe 9:30 ɗin nan ba wasa a cikinta. Ki tsaya a kowace tasha da tara da kwata za ki ga tsofaffi sun jeru, kati a hannu, suna duba agogo, bas ta zo su bar ta ta wuce. Zuwa masallacin Juma'a ba matsala, amma in asibiti ta ba shi ƙarfe tara, ya roƙi a mayar masa goma da rabi.

Yanzu tafiyar Kano. Kuɗin hunturu ana tantance wanda ya cancance shi ne da mako guda a watan Satumba, a 2025 daga 15 zuwa 21 ga wata. Wanda mazauninsa na dindindin yake Ingila a wannan makon ya cancanta, kuma ba wanda zai nemi rasitin gas daga baya. In Baba ya tashi a Nuwamba, gidansa da likitansa da iyalinsa suna Birmingham, kuɗin zai shiga asusunsa yana can Kano yana shan rana. Fanshon gwamnati ma ba ya tsayawa. Abin da ke tsayawa shi ne tallafin masu ƙaramin ƙarfi: Pension Credit bayan mako huɗu a waje, Universal Credit bayan wata ɗaya, in ban da 'yan uzurori kamar rasuwa ko jinya. Wanda ya tafi wata huɗu bai sanar ba, aka gano, sai ya biya duk abin da ya karɓa.

Komawa gaba ɗaya ita ce ke buƙatar zama da alƙalami. Kuɗin hunturu da katin bas duk na mazauna ne, suna ƙarewa ranar da ya kwashe kayansa. Fansho zai ci gaba da zuwa har Najeriya, amma a daskare. Birtaniya tana ƙara wa fansho kuɗi duk Afrilu ga mazaunanta da na ƙasashen Turai da wasu ƙasashen da ta ƙulla yarjejeniya da su, irin Amurka da Jamaika. Najeriya da Ghana ba sa ciki. Dubi abin da hakan ke nufi: cikakken sabon fansho fam 155.65 ne a mako a 2016, a 2025 ya kai fam 230.25. Wanda ya koma gida a 2016 har yau kan adadin farko yake. Faɗuwar naira tana rufe wannan giɓi a ido, shi ya sa da yawa ba sa ankara sai shekaru sun ja, magani ya yi tsada.

Sannan ki duba fasfonsa. In yana da na Birtaniya, ƙofa a buɗe take duk ranar da ya so dawowa. In kuwa takardar zama ta dindindin ce kawai a kan fasfon Najeriya, shekara biyu a jere a waje tana kashe ta. Jinyar asibiti kyauta ta NHS ita ma da zama a ƙasar aka ɗaure ta, ba da yawan harajin da ya biya a baya ba. Shawarata ya fara gwada tafiyar Nuwamba zuwa Maris sau ɗaya ko biyu, gidan Birmingham na nan, kafin a yi maganar sayar da komai.